Waken Malam Umaru Bajamushe

Villeurbanne, Lyon
9 ga Fabrairu

Zuwa ga Kaka Hajiya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya. Ya sanyi, ya ƙafa? Baba da Mama suna gaishe ki. Mu nan lafiya lau, sai mura da ta zagaye gidan ta fita.

Ni ce Ruwaida, 'yar Alasan direban taram, jirgin ƙasan cikin gari, jikar marigayi Mika'il ɗan baffanki. Ban sani ba ko za ki tuna ni. Ni ce yarinyar da ta rakuɓe a lungu da salula a bikin Mounira a La Courneuve, kika jawo ni, kika kama haɓata kina juyawa, kika ce wa mata, "Ku zo ku ga kunnen Bajamushe ya dawo!" Kowa ya yi dariya. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, na kasa ko tambayarki wane ne shi.

A mota na tambayi Baba. Ya ce, "Kakan kakanki ne. Bature ne manomi, ya musulunta, ya rasu a ƙauye. Iyakar sanina ke nan." Shi ke nan fa! Mutum ya baro ƙasarsu ya ƙetare teku, a ƙare labarinsa kafin fitilar hanya ta ba da hannu.

Tun ranar nake ta saƙa shi a raina. Ina ganinsa dogo, idanunsa kamar sararin sama bayan ruwa ya ɗauke. Ya iso bakin rijiya da ƙishirwa, ya tarar da wata kyakkyawa tana jan guga, suka haɗa ido, guga ya kuɓuce mata. Haka aka yi, Kaka? Don Allah ki ce haka aka yi.

Baba ya ce kunnenki ya yi nauyi, ba kya son waya, takarda kika fi so. Ni ma ta fi mini, don bakina ba ya buɗuwa a gaban mutane. Ki yafe mini Hausata, rabi a bakin Mama na tsince ta, rabi a littattafan soyayya da nake karantawa. In kin ga zaƙi ya yi yawa, laifinsu ne.

Jikarki,
Ruwaida

Stains
2 ga Maris

Ruwaidatu mai kunne,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai gwiwa da ta ƙi ni. Ki gaishe da ubanki, ki ce masa mutumin da ya san tashoshin Lyon kaf bai san sunan kakan ubansa ba, abin kunya ne.

Na yi dariya har da hawaye. Dogo? Gajere ne, mai sanƙo, kunnuwa kamar faifai. Rana ta dafa shi ya yi ja kamar gauta. Warin taki ne turarensa. Ni na san shi, na hau wuyansa, ina da shekara goma sha biyu ya rasu.

Sunansa na yanka Ottmar, mutanen gari suka mayar da shi Umaru. Shi ne na huɗu a gidansu, kuma a ƙauyensu babban ɗa ke gaje gona duka, saura su nemi gabansu. Ga yunwa bayan yaƙin duniya na farko. Ya bi masu sayen gyaɗa har Kano, ya ce shi bai iya zaman bakin sikeli ba, ƙasa yake so ya taɓa. Ya yo arewa har Kwarin Gamji, kudu da Damagaram. Maigari ya ba shi wata fadama da ciyawa ta kori kowa, don a ga gudun ruwansa. Ya haƙa rijiya shi kaɗai, ya kafa lambu.

Kakarmu Amatullahi ba ta yar da guga don kowa ba. Bazawara ce mai sayar da fura, kullum takan zo bakin lambu don kawai ta yi dariyar Hausarsa, don har ya koma ga Allah mata yake ce wa "kai", maza "ke". Dariyar ce ta kai su ga aure. Da yaƙi na biyu ya zo Faransawa suka kama shi suka tsare saboda asalinsa, ita ta riƙe lambun da goyo a bayanta har ya dawo. Shekarar da gero ya ƙi, gari duka a lambun nan ya ci. Har yau in kika ce ke jinin Umaru Bajamushe ce a kwarin, tabarma za a shimfiɗa miki.

Abu ɗaya ya zo da shi daga gida: wake. Fari ne mai ɗigon ja, yana hawa sanda ya fi mutum tsawo. Tun daga hannunsa ba a taɓa tsallake shuka shi ba. Ni na zo da shi ƙasar nan, shekara talatin ina shuka shi a ɗan jardan ɗina, wato lambun haya, na nan Stains. Bara gwiwa ta sa na mayar wa masu filin da abinsu. Can gida rijiyar ta ƙafe wani lokaci, irin ya ɓace musu. Ɗana Abdulhamid kuwa ko furen roba aka ba shi sai ya bushe. Abin da ya rage bai fi cikin tafin hannu ba, kuma na girbin bara waccan ne. Iri ba dutse ba ne, in ya daɗe bai ga ƙasa ba mutuwa yake. In bana ta wuce, ina jin shi ke nan.

Ga ɗankwali nan na sa miki, ki rufe kunnuwan.

Kakarki,
Sabuwa

Villeurbanne
10 ga Maris

Kakata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya gwiwa? Allah Ya ba ki lafiya, Ya karɓi azuminmu.

Kaka! Na warware ɗankwalin zan ɗaura, sai na ji ƙulli a gefensa. Na kwance. Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Fari mai ɗigon ja, kamar yadda kika faɗa. Na zuba su a tafin hannuna ina kallo, ina cewa wannan ya taɓa hannun da ya taɓa hannun da ya taɓa hannunsa. Ba ki ambace su a takarda ba, na san don ki ba ni mamaki ne.

Na gode, na gode, na gode! Ban san da wane baki zan gode miki ba. Ba a taɓa yi mini kyauta irin wannan ba tun da aka haife ni. A lekwal, makarantarmu, ni ce wadda malamai ke manta sunanta, a gida ni ce "waccan mai karatun banza". Sai ga shi cikin dangi duka ni kika zaɓa. Allah Ya saka miki da Aljanna. Mama ma ta ce in yi miki godiya, ta ce gobe ma in sake, don godiyar kwana ita ce godiya.

Kuma ban ji haushin gajartarsa ba. Na sake saƙa shi da sanƙonsa. Wai ashe dariya ma tana kai mutum inda haɗa ido ke kaiwa! Ban taɓa karanta irin wannan ba.

Muna da balko, 'yar baranda, a hawa na shida, rana tana samunsa. Za ki ga abin da zan yi da kyautarki.

Mai godiya har abada,
Ruwaida

Stains
18 ga Maris

Ruwaida,

Salam. Ina lafiya.

Ki maido mini da waken. Kada ki shuka ko ƙwaya ɗaya. Ni ban yi miki kyauta ba. Ashe Alasan bai koya miki komai ba.

Sabuwa

Villeurbanne
24 ga Maris

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya.

Ga waken nan a cikin ambulan. Rabi ne. Sauran na riga na shuka su a bokitan fenti tun kafin takardarki ta iso. In kina so in tone su, zan tone.

Na gane kuskurena. Mantuwa kika yi da su a ɗankwalin, ni kuma na ɗauka da ni ake. Dama na san ba a ba irina abu mai daraja haka. Ban taɓa riƙe fartanya ba, ban taɓa ganin Kwarin Gamji ba, dangantakarmu ma sai an yi dogon lissafi. Na nuna wa Baba takardar, ya juya ta gaba da baya ya ce, "Tsofaffi sai haƙuri." Mama ta ce ita ba ta taɓa ganin inda godiya ta zama zagi ba.

Ki yafe mini rawar kai.

Ruwaida Alasan

Villeurbanne
27 ga Afrilu

Kaka,

Assalamu alaikum. An yi Sallah lafiya? Ban ji daga gare ki ba. Kullum na dawo daga lekwal sai na buɗe akwatin wasiƙu, ba komai sai tallan fiza. Ko ba za ki amsa ba, akwai abin da ya kamata ki sani.

Sun tsiro. Tun da ba ki ce in tone ba, na bar su. Suka ɗago kai a sunkuye kamar masu jin kunya, ni kaɗai na san yadda na ji. Har suna na raɗa wa biyu, Umaru da Amatullahi, don sun fito kusa da juna.

Sai aka yi wata safiya mai sanyi, motoci duk suka yi fari. Na fita balko na tarar sun yi baƙi sun kwanta. Duka. Na shigo da su kusa da abin ɗumama ɗaki, na yi musu addu'a, ba wanda ya tashi.

Yaƙi bai kashe waken nan ba, yunwa ba ta kashe shi ba, sai ni a hawa na shida. Dama kin san haka zan yi, shi ya sa kika ce in maido, ko? Kin yi gaskiya. Don Allah sauran da ke hannunki ki nemi wanda ya iya ki ba shi tun lokaci bai wuce ba. Ko ba dangi ba ne. Ni dai kada ya ƙare.

Na daina karanta littattafan ma. Duk wadda na buɗe, ƙarshenta daɗi.

Ruwaida

Stains
15 ga Mayu

Ruwaidatu, 'yar nema,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau, ke da iyayenki. Jiya aka sallamo ni. An yi mini aikin gwiwa, daga nan aka kai ni gidan koyon tafiya, tsofai-tsofai da ni ana tafa mini don na taka. Takardunki biyu na tarar a ƙarƙashin tarin takardun Abdulhamid. Waccan gajeruwar tawa kuwa, ina rubuta ta yana tsaye a kaina da makullin mota za mu asibiti. Da na san haka za ki karanta ta, da likita ya jira.

Wa ya ce miki mantuwa na yi? Ƙullin da na yi da haƙorina?

Saurara. A gidanmu ba a godiyar iri. Ba a bayar da shi hannu da hannu, ba a ambatonsa. Ko a tsince shi, ko a sace. Haka suke yi a ƙauyen su Malam Umaru can Turai, suna cewa irin da aka gode wa ba ya tsirowa. Shi kansa ranar da zai bar gida uwarsa ta ajiye waken a bakin taga ta juya baya tana ta goge tukunyar da ba ta da datti, ya ɗiba ya fita. Ba su sake ganin juna ba.

Kin san abin da wannan ya jawo masa a ƙasar Hausa? Zuwansa maƙwabta suka kawo masa irin gero da na kuɓewa, ya karɓa ya juya ko uffan. Washegari ma shiru. Gari ya ɗauka, wai Baturen nan bai da tarbiyya. Da ya nemi auren kakarmu, abin da baffanninta suka fara kawowa ke nan. Sai ita ta tsare shi a bakin rijiya ta ce, "Kai, bakinka ciwo yake?" Ya yi mata bayani da guntuwar Hausarsa. Ta je ta faɗa musu. Liman ya ce camfi ne, Allah ke tsirar da iri. Malam Umaru ya ce ya yarda, amma shi abin da ya gani, wanda ya ce "na gode" ya sauke kaya ke nan, abu ya zama nasa, in ya so ya dafa ya cinye. Wanda bai samu ya faɗa ba, nauyin yana nan a wuyansa har sai ya shuka wani ya ɗiba a wurinsa. Liman ya ce, "To wannan ai amana ce." Da kaka ta yi, kowane gidan da ya ba shi iri ya wayi gari da kwandon wake a ƙofa, ba a san wanda ya ajiye ba.

Shi ya sa na ce ki maido. Kin kira shi kyauta har sau nawa, ni kuwa ba nawa ba ne balle in kyautar.

Waɗanda suka mutu, sanyi ne ya kashe su, ba bakinki ba. Wa ke shuka wake a watan Maris a ƙasar nan? Ni ma shekarata ta farko haka na yi, na ɗauka rana in ta fito da gaske take. Na yi kuka a jardan har wani tsoho ɗan Fotugal ya ba ni hankici. Ana jira sai tsakiyar Mayu ta wuce, har farkon Yuni ba a makara ba. Rami gaɓar yatsa biyu, kada ki cika ruwa, ki ɗaura musu igiya tun suna ƙanana.

Wannan duk hira ce nake yi, ba wai zan ba ki komai ba. Sauran suna cikin gwangwanin shayi a tagar kicin, bayan kwalbar man shanu. Na ji ubanki zai kawo ku Babbar Sallah. Ni yanzu ido ya yi rauni, kuma da na ci nama bayan azahar barci ke kwashe ni.

Ki koma ga littattafanki. Mai kuka a kan wake ba a raba ta da soyayya.

Kakarki,
Sabuwa

Stains
10 ga Yuni

Ruwaidatu,

Salam. Da fatan kun isa gida lafiya. Gwiwa da sauƙi.

Ina sanar da ke an yi mini sata ranar Sallah. Shekara talatin ina unguwar nan ko cokali ba a taɓa ɗaukar mini ba, sai da baƙin Lyon suka zo. Ɓarawon ma bai iya ba. Ya ture kwalbar man shanu, ya tsaya yana ce wa kwalbar "yi haƙuri", ya fita da sanɗa takalminsa na ƙara, ko ni mai nauyin kunne sai da na ji. Sai da na ƙara ƙarfin minshari don kada kunya ta kashe shi.

In kin ji labarinsa, ki ce masa Allah Ya isa ban yi ba tukuna. Ina jiran kaka.

Sabuwa

Villeurbanne
12 ga Oktoba

Kakata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar girma. Abdulhamid ya ce wa Baba yanzu har kasuwa kike zuwa da sanda ɗaya, alhamdu lillahi. Mu duk lafiya. Na shiga ajin ƙarshe na lise, wato sakandare.

Na yi shiru da yawa, da gangan ne. Na rantse ba zan rubuto ba sai ina da abin faɗa, don na ga abin da saurin baki ya jawo mini.

Maganar satar da aka yi miki, Allah Ya kyauta, ni ban san komai ba. Sai dai akwai wani abu da ya fito a balkonmu. Ba duka suka tsiro ba, kusan rabi sun yi barcinsu a ƙasa, kin ce dama sun tsufa. Waɗanda suka fito kuwa, Kaka, ba ki ga hawa ba! Suka cinye igiyar, suka kama ƙarfen balko, suka miƙa hannu hawa na bakwai. Matar da ke samanmu, wadda shekara biyar muna haɗuwa a matakala ban taɓa iya ce mata komai ba, ta sauko da kanta tana tambaya wace shuka ce ke leƙa mata ɗaki. Na buɗe baki zan ce wake ne kawai. Sai na ji ina ba ta labarin Kwarin Gamji, da rijiya, da mai fura. Ni fa! Har shayin da na zuba mata ya huce. Mama ta leƙo daga kicin tana kallona kamar an canza mata 'ya.

A watan Agusta zafi ya yi tsanani, furanni suka fara zuba. Su Baba suka tafi bakans, hutun shekara, Marseille wurin ƙanwar Mama, na ce ba inda za ni. Aka bar ni da maƙwabciyar nan. Na rataya tsohon zanen Mama ya yi musu inuwa, safe da yamma ina ba su ruwa. Mama ta ce a waya, "'Yan mata na bakin teku, tawa tana jinyar wake." Na ce mata ai gado ne.

Makon jiya na girbe. Na bar su sun bushe a jikin igiya har suna ƙara in iska ta taɓa su. Na ɓare, na cika gwangwanin madara babba, har da ragowa. Fari mai ɗigon ja, ko ɗaya bai canza kama ba.

Ragowar Mama ta dafa da albasa da man gyaɗa. Baba ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali. Ya ce shi ya san wannan ɗanɗanon, a gidan kakarsa, yana ƙarami ƙwarai, a wani kwano mai bakin shuɗi. Ya ce ya ɗauka mafarki ya taɓa yi. Ya tashi ya fita balko wai zai duba mota.

Akwai kalmar da ke ta yi mini ƙaiƙayi a maƙogwaro tun da na ɗauki biro. Kin san ta. Na haɗiye.

Ga wani labari kuma. Baba ya yanki tikitin gida, zai je Damagaram a watan Disamba, karo na farko cikin shekara tara. Ya ce zai ƙarasa Kwarin Gamji, wai an haƙa sabuwar rijiya, 'yan uwa sun koma noman rani. Ya tambaye ni, yana kallon bango, ko a can lokacin sanyi ake shuka irin waɗannan abubuwa. Na ce ina jin haka.

Gwangwanina yana kan firji. Shekaranjiya na dawo daga lekwal na ga murfin a karkace, waken ya sauka da kamar yatsa uku. Rigar aikin Baba tana rataye a bayan ƙofa. Da na wuce na goge ta da kafaɗa, aljihun ya yi ƙara.

Da muka zauna cin abinci ya kasa haɗa ido da ni, mutum mai furfura a gemu. Ni kuwa na buɗe littafina na kafa kai, na bar shi ya ci tuwonsa cikin kwanciyar hankali.

Ashe haka kika ji ranar Sallah.

Jikarki mai kunnen Bajamushe,
Ruwaida